Zanen da Teku Ya Shafe Sau Biyu: Labarin Fim ɗin Jan Dibbets a Gaɓar Holan

Ranar Lahadi, 8 ga Fabrairun 2009, ana tsakiyar hunturu a Turai, wata tawagar masu ɗaukar fim ta sauka a bakin tekun Maasvlakte, can ƙuryar yamma ta tashar jiragen ruwan Rotadam a ƙasar Holan. Ba su zo da 'yan wasa ba, ba su kuma zo da labari ba. Kayan aikinsu kyamara ce da aka kafa a wuri mai tsayi, sai katafila guda da direbanta, sai jadawalin cika da janyewar teku. Aikin kuwa bai wuce wannan ba: katafila ta ja layi huɗu a kan jiƙaƙƙen rairayi ta fice, kyamara ta tsaya tana kallo har ruwa ya ciko ya shafe su.

Mai wannan aiki shi ne Jan Dibbets, ɗaya daga cikin fitattun masu fasahar Holan, wanda a ranar yake da shekara 67. Ba yau ya fara ba. A Fabrairun 1969, yana ɗan shekara 27, ya yi irin wannan zane a gaɓar tekun ƙasarsa, aka ɗauka a fim, aka nuna a talabijin ɗin Jamus ta Yamma. Na farkon ya raɗa masa suna 12 Hours Tide Object with Correction of Perspective, na biyun kuma ya rage awoyin da ke cikin sunan zuwa shida. Cikin zanen biyu babu wanda ya kwana a kan rairayi. Abin da ya saura shi ne gajeren fim na wajen minti takwas daga kowannensu.

Wanda ya ji labarin sama-sama zai ce aikin baban giwa ne: a ɗauko mota, a ƙona mai, a sha sanyi, don a zana abin da aka san ruwa zai cinye kafin magariba. Sai dai masana tarihin fasaha sun shafe fiye da rabin ƙarni suna komawa kan waɗannan 'yan mintoci, saboda a cikinsu aka yi wa kyamara wata tambaya mai nauyi: shin shaida ce mai faɗin abin da ta gani, ko kuwa ita ce ke ƙera abin da ake gani?

Layi huɗu masu yaudarar ido

Mai kallon fim ɗin yana ganin fili mai kusurwa huɗu daidai wa daida, gefunansa na bin gefunan allon talabijin sak. Wanda kuwa ya tsaya a bakin tekun, abin da zai gani daban ne. Layin da ke kusa da kyamara gajere ne, na can nesa dogo ne ƙwarai, na gefe biyu kuma suna buɗewa suna nisantar juna. A ƙasa siffar tsukakkiya ce ta gaba, buɗaɗɗiya ta baya. A allo kaɗai take miƙewa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ido da kyamara duka suna ƙanƙanta abin da ya yi nisa, kuma ƙanƙancewar tana da lissafi. A ce layin kusa yana da tazarar mita 10 daga kyamara, tsawonsa kuma mita 5. In za a ja wani layin a tazarar mita 40, sai tsawonsa ya kai mita 20 kafin su biyun su yi kai ɗaya a allo. Nisa ya ninka huɗu, tsawo ma dole ya ninka huɗu. Mai zanen yana ƙara wa na nesa daidai abin da nisa zai rage masa, shi ya sa Dibbets ya kira dabarar gyaran hangen nesa.

Masu zuwa gidan kallon ƙwallo sun san wannan dabara ko da ba su san sunanta ba. Tallan nan da ake gani a gefen raga kamar allo ne a tsaye, har ka ga ɗan wasa ya bi ta kansa da gudu bai ture komai ba, shimfiɗa ce a kwance a ƙasa, an karkata rubutunta yadda daga inda babbar kyamarar filin take zai zama kamar a tsaye yake. Ɗan kallon da ke zaune a wani ɓangare na filin karkataccen rubutu kawai yake gani.

Ilmin da ke ƙarƙashin wannan tsoho ne. Ibn al-Haytham, haifaffen Basra wanda ya yi zamansa a Alƙahira, ya rubuta Kitab al-Manazir a farkon ƙarni na 11, inda ya tabbatar da cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido. An juya littafin zuwa Latin, ya zama tushen ilmin gani a Turai. A ƙarni na 15, Filippo Brunelleschi na birnin Florence ya gwada yadda za a zana gini a kan allo ya fito da zurfinsa, Leon Battista Alberti kuma ya rubuta ƙa'idojin abin a 1435. Daga nan masu zanen Turai suka shafe ɗaruruwan shekaru suna sa shimfiɗaɗɗen bango ya zama kamar yana da zurfi. Dibbets ya juya lissafin: ya ɗauki fili mai zurfi na gaske ya sa ya zama kamar shimfiɗaɗɗen allo.

An haifi Dibbets a garin Weert a 1941, ya yi karatun koyar da zane a Tilburg, ya fara a matsayin mai zane da fenti. A 1967 ya sami tallafin karatu zuwa makarantar fasaha ta St Martin's da ke Landan, inda ya haɗu da matasa irin su Richard Long, wanda a wannan shekarar ya yi ta kai da komo a kan ciyawa har sawunsa ya fitar da miƙaƙƙen layi, ya ɗauki hotonsa, ya ce wannan shi ne aikin. Dibbets ya koma gida ya ajiye fenti ya ɗauki kyamara. Kafin ƙarshen 1969 ya yi jerin irin wannan gyara a bangon ɗakin aikinsa, da daɓensa, da kan ciyawa. A kowanne akwai wuri ɗaya tak da siffar ke miƙewa, wato inda kyamara ta tsaya. A matsa taku biyu hagu ko dama, sai komai ya rushe. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Waɗannan hotuna suna ƙara da cewa shi ma ganin yana da sharaɗi, sai an san daga ina aka tsaya aka gani.

Gidan baje kolin da ba shi da bango

Da fim ɗin 1969 bai samu ba in ba don wani matashin Bajamushe mai suna Gerry Schum ba. Haifaffen birnin Cologne ne a 1938, ya yi karatun fim a Berlin, ya fara da yi wa talabijin rahotanni kan bukukuwan fasaha. A nan ya lura da abin da ya dame shi: aikin fasaha yana zagayawa ne tsakanin wurare uku, ɗakin mai zane, shagon dillali, da falon attajirin da ya saya. Talaka ba ya cikin wannan zagaye. A ɗaya gefen kuma talabijin ta riga ta shiga miliyoyin gidaje, amma abin da take yi bai wuce ta ba da labarin fasaha da muryar mai sharhi ba.

Shawarar Schum ita ce a buɗe gidan baje koli a cikin talabijin kanta. Ba shi da gini, ba shi da ƙofa, yana buɗewa sa'ad da aka fara shirin ya rufe sa'ad da aka gama. Ayyukan da za a nuna kuma a yi su musamman don kyamara, ba a ɗauko hoton abin da ke rataye a wani wuri ba. Tare da abokiyar aikinsa kuma matarsa Ursula Wevers, ya kafa abin da suka kira Fernsehgalerie Gerry Schum.

Lokacin ya dace. A 1967 Ba'amurke Sol LeWitt ya bayyana abin da ake kira fasahar tunani, wadda a cikinta ra'ayin da ke bayan aiki ya fi abin da hannu ya ƙera muhimmanci. A Oktoban 1968 shagon Virginia Dwan da ke Niyok ya baje kolin ayyukan da aka yi da ƙasa da duwatsu. A Fabrairun 1969 jami'ar Cornell ta yi nata, Dibbets na cikin waɗanda aka gayyata. Matasan masu fasaha a Amurka da Turai suna ficewa daga ɗakuna zuwa hamada da tsaunuka da bakin ruwa. Matsalarsu ɗaya: wa zai je can ya gani?

Daga Janairu zuwa Maris na 1969, Schum da Wevers suka bi mutum takwas zuwa wuraren aikinsu. Richard Long ya yi tafiyar mil goma a miƙe a tsaunukan Dartmoor na Ingila ya dawo, ana ɗauka a kowane rabin mil. Marinus Boezem ya sa iska ta tayar da rairayi a yankin Camargue na Faransa. Dennis Oppenheim ya ja layi a kan ƙanƙara a Fort Kent, kan iyakar Amurka da Kanada. Robert Smithson ya jera madubai a wata mahaƙar dutse a jihar Niyok. Walter De Maria da Michael Heizer suka yi nasu a hamadar Kalifoniya. Biyu kuwa suka zaɓi gaɓar Holan. Barry Flanagan ya kafa wani bututun roba mai garai-garai a rairayin Scheveningen, aka ɗauke shi daga sama, da ruwa ya ciko ya kewaye shi sai ya zama kamar rami a tsakiyar teku. Na biyun shi ne Dibbets da taraktar da ta ja masa layukansa.

Daren 15 ga Afrilun 1969, da ƙarfe 10:40, tashar Sender Freies Berlin ta watsa shirin a babbar tashar talabijin ta Jamus ta Yamma. Sunansa Land Art, kuma daga wannan shiri ne sunan ya bazu har ya zama lakabin duk fasahar da ake yi a doron ƙasa. Bayan gajeren jawabin buɗewa daga Schum da Jean Leering, shugaban gidan adana zane na Van Abbe da ke Eindhoven, sai fina-finan suka biyo baya a jere, baƙi da fari, babu mai sharhi. Cikin takwas ɗin, na Dibbets ne ya fi kama akwatin talabijin da hannu biyu, don siffar da taraktar ta zana ita ce siffar allon da mai kallo ke zaune a gabansa. Da ruwa ya fara cin layukan, sai ya zama kamar firam ɗin hoton ne ke narkewa.

Aiki da agogon teku

A irin wannan ɗaukar fim, darakta ba shi ne mai ba da lokaci ba. Jan da wata ke yi wa ruwan duniya, tare da na rana, shi ke sa teku ya cika ya janye sau biyu a cikin kusan awa 24 da minti 50. Daga janyewa zuwa cika awa shida ne da 'yan mintoci, zagaye guda kuma ya ɗan haura awa 12. Daga nan sunayen fina-finan biyu suka samo lambobinsu. Kowace rana lokacin yana jinkirtawa da kusan minti 50, don haka ranar da ruwa zai janye da hantsi ya ciko da la'asar, a ƙidaye take a cikin wata. Cikar ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da na cikarsa, kuma ranar da aka yi ɗaukar 2009 saura kwana ɗaya wata ya cika.

A gaɓar Rotadam, tazarar da ke tsakanin cika da janyewa ba ta cika kai mita biyu a tsaye ba. Amma da yake bakin tekun shimfiɗaɗɗe ne, gangarensa kaɗan, wannan ɗan hawa yana sa ruwa ya mamaye fili mai faɗi. Wannan filin da ruwa ke bari na ɗan lokaci shi ne allon zanen. Rairayinsa jiƙaƙƙe ne mai tauri, yana ɗaukar nauyin mota, yana kuma riƙe sawu da kaifi. Na can sama busasshe ne, iska na share shi. Dole zanen ya faɗa tsakanin iyakar janyewa da iyakar cika. In ya yi sama da yawa ruwa ba zai kai gare shi ba, in ya yi ƙasa da yawa ruwa zai riga direba isa.

Ga kuma rana. A farkon Fabrairu, hasken yini a Holan bai cika awa goma ba. Ke nan jadawalin teku da na rana sai sun haɗu a wuri ɗaya, ga hadari da iska da ba wanda ke da iko da su.

Kafin mota ta motsa, sai an kafa kyamara an ɗaure ta tamau, don da zarar ta gusa ko da ɗan yatsa ne, gyaran ya ɓaci. Tsayin inda take, da karkatarta, da irin gilashin da ke bakinta, su ne ke yanke tsawon kowane layi. Kusurwoyin huɗu daga cikin kyamara ake tantance su, ba daga ƙasa ba: mai leƙen kyamara ne kaɗai ya san ko alama ta zauna daidai. Direban da ke jan layin yana bin hanyar da a idonsa karkatacciya ce, sai dai ya yarda da maganar wanda ke can sama. Kuma babu a sake. Rairayin da mota ta taka ya taku, ba a goge shi sai ruwa ya zo, ruwan kuma in ya zo an gama aikin ranar.

A 1969 akwai ƙarin takura. Da fim mai faɗin milimita 16 aka yi aikin, wanda babban naɗinsa na yau da kullum, mai tsawon wajen mita 120, minti 11 kawai yake ɗauka. Babu halin a bar kyamara tana gudu awa shida. Dole a zaɓi abin da za a ɗauka, a matse awoyi su koma mintoci. Don haka lokacin da mai kallo ke gani shi ma an yi masa gyara, kamar yadda aka yi wa siffar. Ruwan da ya shafe layuka a cikin 'yan mintoci a allo, awoyi ya kwashe yana rarrafe a zahiri.

Ƙasar da ke jan layi tsakaninta da ruwa

A wata ƙasa, jan layi a bakin teku wasa ne. A Holan sana'a ce ta kaka da kakanni. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar yana ƙasa da matakin teku, ganuwa da injinan zuƙe ruwa ne ke riƙe da shi. A 1932 mutanen ƙasar suka toshe bakin wani babban sashe na teku da ganuwar Afsluitdijk, daga baya suka busar da wani ɓangarensa, wanda ya zama lardin Flevoland a 1986. Daren 31 ga Janairu zuwa 1 ga Fabrairun 1953, teku ya fasa ganuwoyin kudu maso yamma, mutum 1,836 suka rasu. Dibbets yana ɗan shekara 11 a lokacin. Duk ɗan Holan da ya kalli mota tana jan miƙaƙƙen layi ruwa yana bin bayanta, ya san wannan kokawa.

A 2009 wannan ma'ana ta fito fili. Rotadam ce tashar jiragen ruwa mafi girma a Turai, kuma daga 1962 zuwa 2004 ita ce kan gaba a duniya. Yankin Maasvlakte kansa ba asalin ƙasa ba ne, cike shi aka yi daga teku tun a shekarun 1960. Da filin ya ƙure, sai aka tsara ƙari na biyu, Maasvlakte 2, wanda aka fara a Satumban 2008: hekta 2,000 na sabon yanki, ƙarin kashi 20 cikin ɗari a kan girman tashar, da mashigar ruwa mai zurfin mita 20 don manyan jiragen dakon kwantena. Jiragen yasar rairayi na kamfanonin Boskalis da Van Oord sun kwaso wajen kubik mita miliyan 240 na rairayi, mafi yawansa daga ƙasan teku, suka zuba har ƙasa ta fito. An rufe sabuwar ganuwar mai tsawon kilomita 11 a Yulin 2012 a gaban Sarauniya Beatrix, aka buɗe yankin a Mayun 2013.

Hukumar tashar, tare da wata gidauniyar fasaha ta Amstadam mai suna SKOR, ta shirya jerin ayyukan fasaha na shekara guda a gefen wannan gini, aka sa masa suna Portscapes. Masu tsara shi su ne Max Andrews da Mariana Cánepa Luna na ofishin Latitudes da ke Barcelona, kuma da fim ɗin Dibbets aka buɗe. A farkon 2010 aka tattara ayyukan aka nuna a gidan adana zane na Boijmans Van Beuningen da ke Rotadam.

Ra'ayin bai canja ba, siffar ma ita ce. Wurin ne ya canja mata fassara. A 1969 ruwa ne ke cin abin da mutum ya zana. A 2009 ruwa ya ci zanen, amma can gaba kaɗan jiragen yasa suna cin tekun kansa, kuma ita gaɓar da aka yi zanen a kanta tana cikin abin da aikin faɗaɗa tashar zai sauya wa kamanni. Katafila guda da ta ja layi huɗu ta zama ƙaramin samfurin abin da injiniyoyi ke yi a fili mai girman gari. A fasahar tunani ana iya maimaita aiki, tun da ra'ayin ne asali. Wannan maimaici ya nuna cewa ra'ayi ɗaya in ya sauka a wuri daban, magana daban yake yi.

Wa ya mallaki abin da ruwa ya cinye?

Burin Schum na kai fasaha kowane gida bai daɗe ba. A makon ƙarshe na 1969 tashar WDR ta amince da wani aikin Dibbets, inda daga 24 zuwa 31 ga Disamba ake rufe shirye-shiryen dare da hoton wuta tana ci na 'yan mintoci, akwatin talabijin ya koma murhu. A 30 ga Nuwamban 1970 tashar Südwestfunk ta watsa baje koli na biyu mai suna Identifications, da masu fasaha 20. Daga nan ƙofa ta rufe. Shugabannin tashoshi suna son a sa mai sharhi ya yi wa jama'a bayani, Schum kuwa ya kafe cewa aikin ya tsaya da ƙafarsa.

A 1971 ya buɗe shagon bidiyo a Düsseldorf, yana sayar da kaset-kaset na ayyukan masu fasaha tare da takardar shaida mai sa hannu. Mutumin da ya tashi karya zagayen dillali da attajiri, ga shi ya zama dillali. Kasuwar ba ta karɓu ba, don a lokacin 'yan tsiraru ne ke da na'urar kallon bidiyo. Ya rasu a Maris na 1973 yana da shekara 34. A yau fim ɗin Land Art yana cikin taskar manyan gidajen adana zane, ana kallonsa a cikin irin ɗakunan da masu shi suka guje wa.

Ba Dibbets kaɗai ruwa ya cinye wa aiki ba. A 1970 Robert Smithson ya gina Spiral Jetty a tafkin gishiri na jihar Utah, wata murɗaɗɗiyar hanya ta baƙin dutse mai tsawon wajen mita 460, da ta ci fiye da tan 6,000 na dutse da ƙasa. Bayan 'yan shekaru ruwan tafkin ya hau ya rufe ta, ta shafe kusan shekara 30 mafi yawan lokaci a nutse, sai fari ya fito da ita a 2002. Duk tsawon wannan lokaci duniya ta san ta ne ta hotuna da fim na minti 32 da shi Smithson ya yi. Bambancin shi ne Smithson ya gina abu, fim ya bi shi. Dibbets kuwa tun farko bai yi wa kowa alkawarin wani abu a ƙasa ba. Ko da ruwa bai zo ba, wanda ya je wurin ba zai ga aikin ba, don aikin yana cikin kyamara.

Ɗaukar 2009 ta zo da tata tambayar. Faɗaɗa tashar bai tafi salin-alin ba. A 2005 majalisar shari'ar mulki ta Holan ta soke wasu sassa na tsarin, har sai da aka sake nazarin illarsa ga muhalli, ƙungiyoyin kare muhalli kuma sun daɗe suna ƙorafi kan hayaƙi da halittun ruwa. Cikin diyyar da aka amince da ita akwai keɓe hekta 25,000 na ƙasan teku a yankin Voordelta. A irin wannan yanayi, kamfani ya ɗauki nauyin masu fasaha abu ne da ke gyara masa suna, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Masu wannan suka suna da hujja. Amma fim ɗin bai yabi kowa ba. Ba a ga injin ɗaga kwantena ana masa kirari ba, ba a ji muryar mai talla ba. Abin da ya nuna wa masu ginin shi ne layin da mutum ya ja da injinsa, da ruwan da ya zo ya shafe shi. Ga ƙasar da ke sa ido kan hauhawar matakin teku, wannan ba talla ba ce mai daɗin ji.

Dibbets ya ci gaba da jan layi ta wasu hanyoyi. Ya wakilci Holan a babban baje kolin Venice a 1972, ya koyar a makarantar fasaha ta Düsseldorf daga 1984 zuwa 2004. A 1994 ya dasa faya-fayan tagulla 135 a titunan Paris, a kan layin da masana taurarin Faransa suka daɗe suna auna duniya da shi, don tunawa da masanin nan François Arago. Shi ma layi ne da babu mai ganinsa gaba ɗaya daga ƙasa.

Darajar fina-finan bakin tekun tana cikin gaskiyarsu. Sun yaudari ido, amma a bainar jama'a suka yi: an ga motar, an ga yadda ta ja layin, sunan aikin ma ya faɗa cewa an yi gyara. Hotunan da ke kwarara cikin wayoyinmu a yau ba su da wannan kunya. Taron siyasa da aka ɗauka daga kusurwar da za ta cika fili, da aikin titi da aka nuna rabinsa mai kyau, da gidan haya da gilashin kyamara ya faɗaɗa ɗakinsa, duk gyaran hangen nesa ne, sai dai babu mai rubuta haka a kansu. Don haka, mai karatu, duk hoton da ya zo maka yana neman ka gaskata shi, ka tambayi abu uku kafin ka tura wa wani: a ina kyamarar ta tsaya, me aka bari a wajen firam, kuma wa ya biya kuɗin ɗaukar.